Fassarar Amsoshi Bayan Kutsen Sanzatu a Wasan Birij

Daga cikin wasannin karta da suka zauna da gindinsu a fadojin samari na Nijar, har da na ƙasar Arewa, tun daga Matankari zuwa Dogondutsi da Tibiri, akwai belot, wanda ya shigo tare da Faransawa ya kuma bar wa 'yan wasa kalmominsa: atu, wato dangin karta da ke yanka sauran, da sunayen dangogi huɗu, tirefil, karo, ker da pik. A nau'in belot da ake yin ciniki kafin wasa har akwai kwangilar da ake kira sanzatu, wadda ake bugawa ba tare da wani dangi ya zama atu ba. Wanda ya san wannan ya riga ya tsaya a bakin ƙofar birij, wasan da Ba'amurke Harold Vanderbilt ya aza harsashin lissafin makinsa na yanzu a shekarar 1925, yana mai aro daga wani wasan Faransawa mai suna plafond, wanda kuma tun 1958 yake da hukumar duniya da ke kula da dokokinsa. Sai dai cinikin birij ya fi na belot zurfi nesa ba kusa ba, domin a cikinsa tayi ya zama harshe, kuma ɗaya daga cikin wuraren da wannan harshe ya fi rikita abokan wasa shi ne amsar da ake bayarwa bayan aboki ya kutsa cikin cinikin abokan hamayya da tayin sanzatu.

Ana buga birij da karta 52 tsakanin mutum huɗu, biyu-biyu, ana kiran kujerunsu Yamma, Arewa, Gabas da Kudu, magana tana zagayawa bisa wannan jeri; Arewa a nan kujera ce kawai, ba ƙasar Sarkin Arewa ba. Kowa yana riƙe da karta 13, saboda haka ana yin kwasa 13, kwasa kuwa ita ce karta huɗun da aka jefa a zagaye guda wanda mai babba ya kwashe. Kafin a jefa ko ɗaya sai an yi gwanjo, inda kowane tayi yake ɗauke da lamba daga 1 zuwa 7 da kuma dangi, lambar tana nufin kwasar da ɓangaren ya yi alkawarin ci bisa shida na farko, ta yadda 1 sanzatu alkawarin kwasa bakwai ne, 3 sanzatu kuma na tara. Dole sabon tayi ya ɗara na baya, bisa jerin tirefil, karo, ker, pik, sannan sanzatu a sama, abin da ya sa duka tayin da ke akwai 35 ne kacal, ban da wucewa, da kontir, wato ninka ladan kwangila da tararta, da surkontir da ke sake ninkawa. Babban burin yawancin gwanjo shi ne mansh, kwangilar da makinta ya kai 100 wadda ke jawo garabasar 300 ko 500, kuma ana samunta da 3 sanzatu, ko 4 a manyan dangogi, ker da pik, ko 5 a ƙananan, tirefil da karo.

Ana auna ƙarfin hannu da lissafin da Milton Work ya yayata, Charles Goren kuma ya kai shi kowane gida: as maki 4, sarki 3, sarauniya 2, bale 1, jimillar kartar duka 40, kuma ɓangaren da ya haɗa kimanin 25 yakan iya cika mansh. Idan Yamma ya buɗe gwanjo da 1 ker, Arewa da ke binsa ya ce 1 sanzatu, to ya yi abin da ake nufi da kutse a nan, kuma a mafi yawan tsare-tsare yana sanar da maki 15 zuwa 18, da hannu daidaitacce wanda babu dangi mai tsawo ƙwarai ko gajere ƙwarai a cikinsa, da birki a dangin mai buɗewa. Birki shi ne kartar da za ta tsayar da abokan hamayya kada su kwashe dangin nasu tun daga farko har ƙarshe, kamar as, ko sarki da rakiyar ƙarama ɗaya, ko sarauniya da rakiyar biyu. Kudu, abokin Arewa, shi ne mai amsa, kuma abin da bakinsa zai furta bayan Gabas ya wuce shi ne batun wannan sharhi.

Lissafi kaɗan yana nuna cewa wannan yanayi ya bambanta da na buɗewa da 1 sanzatu, ko da yake hannun iri ɗaya ne. Mai buɗewa yana da maki 12 ko fiye, mai kutse yana da kimanin 16, abin da ya rage wa Gabas da Kudu su raba bai wuce 12 ba, don haka mai amsa yakan tashi da maki biyar ko shida, shelem kuwa, wato alkawarin kwasa 12 ko 13, ya zama abin da ba a cika tunaninsa ba. Aikin amsa a nan guda biyu ne: neman mafaka idan hannu ya yi rauni, da tantance ko mansh zai yiwu idan akwai ɗan ƙarfi. Bayan haka buɗewar ta riga ta amsa wata tambaya tun kafin a yi ta, domin wanda ya buɗe da 1 ker a tsarin Faransa ko na Amurka yana da ker biyar aƙalla, mai kutse yana da biyu ko uku ko fiye, saboda haka neman yin atu da ker ya zama aikin banza. Duk saɓanin da ke tsakanin mazhabobin amsa ya samo asali ne daga yadda kowace ta ɗauki wannan gaskiya.

Kayan aikin da ake jayayya a kansu guda biyu ne, kuma dukansu an ƙera su ne don buɗewa. Na farko shi ne Stayman, tayin 2 tirefil da ba ya nufin tirefil ko kaɗan, sai dai yana tambayar aboki ko yana da karta huɗu a ker ko pik. Sam Stayman ne ya wallafa shi a mujallar The Bridge World a 1945, ko da yake abokin wasansa George Rapée da Baturen Ingila Jack Marx su ne suka ƙirƙiro shi, kowanne a nasa ɓangaren. Na biyu shi ne turawa, wadda Faransawa ke kira Texas, wadda Oswald Jacoby ya yaɗa daga 1956: mai amsa yana ambaton dangin da ke ƙasa da wanda yake nufi, ya ce 2 karo yana nufin ker biyar, ko 2 ker yana nufin pik biyar, abokinsa kuma ya faɗi dangin na gaskiya. Tsohon salo bai shigo da turawa cikin kutse ba. A wurinsa kowane dangi da mai amsa ya ambata a mataki na biyu na gaskiya ne kuma yana nufin a tsaya nan, in ban da dangin mai buɗewa, wanda tun da ba mai son a buga shi, aka mai da shi tambayar Stayman. Daidaitaccen tsarin da ƙungiyar birij ta Amurka ta buga, wanda ake yi wa laƙabi da katin rawaya, ya bar 2 tirefil a matsayin Stayman ya cire sauran. Yawancin 'yan gasa na yanzu kuwa sun zaɓi hanya mafi sauƙin tunawa, wato a amsa tamkar abokin ne ya buɗe, Stayman da turawa duka suna aiki.

Hannu guda ya isa ya nuna inda waɗannan hanyoyi suke karo da juna. Yamma ya buɗe da 1 ker, Arewa yana riƙe da as, sarauniya da 4 na pik, sarki, bale da 8 na ker, as, bale, 7 da 3 na karo, sarauniya, 9 da 5 na tirefil, maki 17 cif, ya ce 1 sanzatu, Gabas ya wuce. Kudu yana da pik shida, bale, 9, 7, 6, 3 da 2, da ker ɗaya tilo, da ƙananan karo uku, da bale, 7 da 2 na tirefil, maki biyu ke nan duka duka. Wannan hannu ba shi da amfani sai pik ya zama atu, kuma 2 pik kwangila ce da ke kusa da cika, ta kawo maki 110. Idan Kudu ɗan turawa ne zai ce 2 ker, yana jiran Arewa ya ce 2 pik ya yi shiru. Idan Arewa ɗan tsohon salo ne, kunnensa zai ji tambayar Stayman daga hannu mai maki takwas ko fiye, kuma tun da ba shi da pik huɗu, makinsa kuma suna kusa da ƙoli, zai yi tsalle zuwa 3 sanzatu da zuciya ɗaya. Ɓangaren da ke da maki 19 ya yi alkawarin kwasa tara a gaban masu 21. Idan mai sarkin pik yana riƙe da shi da ƙanana biyu, ya ƙi sakinsa sai zagaye na uku, pik ɗin Kudu da suka rage sun mutu a shimfiɗe, wato hannun abokin mai kwangila da ake bajewa a kan tebur, domin babu kartar da za a shiga hannunsa da ita, kuma faɗuwa da kwasa uku a ƙarƙashin kontir tararta 500 ce, ko 800 idan ɓangaren yana cikin matsayin da ake tsananta tara. Babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinsu. Kalma ɗaya ce kowa ya karanta da ƙamus dabam.

Hanyar amsawa tamkar buɗewa tana da nata gurbin da ba ta cike ba. Bayan buɗewa da 1 ker, tayin 2 karo turawa ce zuwa ker, dangin da aka riga aka san abokan hamayya sun cika shi, don haka tayin ya zama ɗaki babu mai kwana, abokan wasa da yawa kuma ba su taɓa zama sun tattauna ma'anarsa ba sai ranar da ya faɗo a kan tebur. A lokaci guda mai amsa da ke da karo shida da hannu maras ƙarfi ba shi da hanyar tsayawa a 2 karo. Salon da ake koyarwa a Faransa ya warware matsalolin biyu da dabara guda: bayan buɗewa da babban dangi, kowane tayi a mataki na biyu turawa ne, wanda kuma ya faɗa kan dangin mai buɗewa, da suke kira turawar da ba ta yiwuwa, shi ne ya gaji aikin Stayman. Bayan 1 ker ke nan, 2 tirefil yana nufin karo, 2 karo yana tambayar pik huɗu, 2 ker yana nufin pik biyar, 2 pik yana nufin tirefil. Bayan 1 pik kuwa, 2 ker ne tambayar ko akwai ker huɗu. Wannan tsari ya fi sauran amfani da ɗan filin da ke akwai, domin bai bar tayi ko ɗaya zaune ba aiki ba, kuma tambayarsa ta takaita ga babban dangi ɗayan da ya rage. Aibinsa shi ne mantuwa, musamman a 2 tirefil, wanda hannu ya saba ɗaukarsa Stayman shekara da shekaru.

Akwai hujjar da ake yawan kawowa don kare turawa wadda ba ta da nauyi sosai a wannan wuri. Bayan buɗewa, amfanin turawa shi ne mai ƙarfi ya zama mai kwangila, kartar farko ta zo ta ƙare a hannunsa, sarkinsa kuma ya tsira daga ratsawa, wato a jefa karta ta bi ta kansa zuwa ga mai as. A kutse kuwa, Arewa yana zaune ne bayan Yamma, yana jefawa bayan ya ga abin da mai buɗewa ya jefa, saboda haka sarkinsa yana bayan as ɗin Yamma ko wane ne ya zama mai kwangila. Hasali ma idan Kudu ne mai kwangila, Yamma ne zai fara jefawa, kuma dole ya fito daga ƙarƙashin manyan kartocinsa, abin da sau da yawa yake ba da kwasa kyauta. Ainihin ribar turawa a nan ita ce tana ba mai amsa damar magana sau biyu: ya nuna danginsa, sannan ya wuce idan ba shi da komai, ko ya ce 2 sanzatu don gayyata zuwa mansh, ko 3 sanzatu don abokin ya zaɓi mansh. Tsohon salo ba shi da wurin ajiye hannun gayyata mai babban dangi biyar, kuma wannan ne ya kashe shi.

Buɗewa da ƙaramin dangi ba ta ɗaga ƙura haka. Tun da 1 tirefil yana iya zuwa da karta uku kawai, manyan dangogin biyu duka suna nan a buɗe, kusan kowa ya yarda a amsa tamkar buɗewa, har da Faransawan. Abin lura kawai shi ne 2 karo bayan buɗewa da 1 karo, wanda ke da fuska biyu irin na misalin da ya gabata.

Game da awon ƙarfi, ƙa'idar da aka saba ita ce mai amsa ya wuce da maki bakwai ko ƙasa idan ba shi da dogon dangi, ya yi gayyata da takwas ko tara, ya je mansh da goma. Ƙwararru da dama suna rage maki ɗaya, bisa hujjar cewa mai kwangila ya san inda manyan kartoci suke tun kafin a fara, kusan duk wata dabarar ratsawa ta kan Yamma za ta yi nasara. Hujjar gaskiya ce, amma rabinta ce. Gabas ya san dangin da zai fara da shi ba tare da lalube ba, Yamma kuma yana da dogon dangi da kartocin sake shiga, don haka birki ɗaya yana iya ƙarewa kafin a tara kwasa tara. Ragin ya dace da hannun da ke da dangi biyar mai kyau ko 10 da 9 masu yawa, ko ɗan taimako a dangin mai buɗewa. Hannu shimfiɗaɗɗe mai bale warwatse bai cancanci ragi ba.

Duk abin da ya gabata ya shafi kutsen da aka yi nan take ne. Idan Yamma ya buɗe, Arewa da Gabas suka wuce, Kudu ya ce 1 sanzatu a kujerar ƙarshe, wadda ake kira ta farfaɗo da gwanjo tun da wucewarsa za ta rufe shi, to ma'anar ta sauka zuwa kimanin maki 11 zuwa 14. Dalili shi ne shirun Gabas ya nuna bai kai maki shida ba, don haka Kudu ya san abokinsa yana da wani abu, yana kuma yin tayi da aron kimanin maki uku daga gare shi. Wanda aka ara daga wurinsa dole ya cire su daga lissafinsa: Arewa yana buƙatar 11 ko 12 don gayyata, kimanin 13 don mansh, kuma ya tuna cewa yanzu manyan kartocin abokinsa suna gaban na Yamma ne, ba bayansu ba. Wanda ya amsa wa wannan tayi da ma'aunin 15 zuwa 18 zai riƙa kai ɓangarensa mansh da maki 21.

Wani sanzatun ma ba sanzatu ba ne. Tsallen 2 sanzatu a kan buɗewar mataki na farko, dabarar da ake danganta wa Alvin Roth tun 1948, yana nuna karta biyar-biyar a dangogi biyu mafiya ƙasa da ba a ambata ba, kuma amsar 3 tirefil a kansa zaɓi ne tsakanin dangogin, ba tambaya ba. Amma 2 sanzatu a kan buɗewar 2 ker ko 2 pik mai rauni na gaskiya ne, maki 15 zuwa 18, kuma a can 3 tirefil Stayman ne. Haka kuma wanda ya riga ya wuce tun farko ba zai iya mallakar maki 15 ba, saboda haka 1 sanzatu nasa na nan take dangogi biyu yake nunawa. Akwai kuma masu tsarin da ya yi ƙarfi a Polan, inda 1 sanzatu ke nufin babban dangi huɗu da ƙaramin dangi mai tsawo, da tsohuwar dabarar Nico Gardener na Ingila, inda tayin yake iya zama mai ƙarfi ko kuma hannu maras ƙarfi mai dogon dangi guda, 2 tirefil kuma ya tambayi wanne ne.

Mafi tsada shi ne lokacin da Gabas bai yi shiru ba. Kontir ɗinsa a kan 1 sanzatu na hukunci ne, yakan yi shi da maki tara ko goma zuwa sama, domin ya san ɓangarensa ya rinjaya, Kudu kuma kusan babu komai a hannunsa. A nan Stayman da turawa sun rasa dalilinsu, tun da batun mansh ya kau, abin da ake nema mafita ce mafi arha, kuma 2 tirefil da 2 karo suna daga cikin mafakar da bai kamata a toshe ba. Shi ya sa da yawa suka yarda cewa bayan kontir kowane dangi na gaskiya ne, surkontir kuma a yi masa ma'ana guda tun da wuri, ko ƙarfi ko neman ceto, domin wanda ya nemi ceto aka ɗauka ƙarfi ya nuna ya ninka asararsa da hannunsa. Idan kuwa Gabas ya ɗaga dangin abokinsa zuwa 2 ker, masu gasa sukan koma ga lebensohl, dabarar da aka bayyana a The Bridge World a 1970, inda 2 sanzatu yake umartar aboki ya ce 3 tirefil don mai rauni ya tsaya a danginsa, ambaton dangi kai tsaye a mataki na uku kuma ya nuna ƙarfi.

Dokokin gasa na 2017 sun ƙara wa batun nauyi ta wata fuska da 'yan fada ba su saba da ita ba. Doka ta 40 ta wajabta cewa duk yarjejeniyar da ke tsakanin abokan wasa a bayyana ta ga abokan hamayya, kuma tayin da ba na gaskiya ba akan ja hankali a kansa bisa ƙa'idar hukumar da ke shirya gasar. Ƙifta ido da gyaran murya haramun ne. Doka ta 16 kuma ta hana ɗan wasa cin moriyar bayanin da ya ji daga bakin abokinsa, ta yadda Kudun misalin da aka kawo a baya, da ya ji Arewa yana gaya wa Gabas cewa 2 ker tambaya ce, ba shi da damar dogara da wannan don gyara ɓarnar, alƙalin gasa kuma yana da ikon sauya makin idan ya yi hakan. Ga abokan wasa da suka daɗe tare suna da lokacin bita, tsarin Faransa na turawar da ba ta yiwuwa shi ne mafi inganci bayan buɗewa da ker ko pik. Ga waɗanda suka haɗu yau, su amsa tamkar buɗewa idan Gabas ya wuce, su koma ga dangi na gaskiya bayan kontir, kuma kada ɗayansu ya furta turawa zuwa dangin mai buɗewa kafin su rubuta ma'anarta a katin yarjejeniyarsu.